Fuskar 'Yar Fari a Bango

"Wannan fuskar wace ce?"

Goggo Asta ce ta dangwara mini waya a cinya ina tsaka da tsintar shinkafa. Yayar Baabana ce, kuma a gidanmu na Wuro Hausa in ta ɗaga murya har kaji nutsuwa suke yi.

Na duba wayar. Ni ce. Zanen da saurayina Suhaib ya yi mini ne rataye a bangon gidan zane-zane na Jimeta, wasu samari sun tsaya a gefensa suna washe haƙora.

"Tawa ce, Goggo."

"Taki ce! Ko kunya babu! 'Yar Hamajoɗa a bango, kowane ƙato ya zo ya ƙare mata kallo? Wannan shi ne mijin da kike so a ba ki? Mai shafe-shafen fenti?"

'Yarta Yusrah tana jingine da ƙofa tana gyara ɗankwali, kamar ba wayarta ba ce. Na san inda aka nufa. Ta taɓa roƙon Suhaib ya zana ta ya ce fentinsa ya ƙare, tun daga ranar take jin haushina.

Faɗan Goggo bai dame ni ba, na saba. Baaba nake tsoro. A makon nan ne zai faɗi ko manyan Suhaib su zo daga Rumde neman aurena, ko kada su zo.

Ni ce 'yar fari. Baaba kuwa Bafulatanin Yola ne na asali, kunyar ɗan fari a jininsa take. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Yarinyar nan" yake cewa. In na shiga gaishe shi sai in durƙusa kaina a ƙasa, shi kuma ya mai da ido kan rediyonsa ya amsa. Ƙannena suna hawa cinyarsa, ni ko ido ba mu taɓa haɗawa ba. Na san al'ada ce, amma wallahi tana ci mini rai.

Goggo ta kai masa wayar har ɗaki. Ya ture ta da bayan hannu.

"Gani ya kori ji," ya ce. "Gobe a kai ni."

Na shige ɗaki na kira Suhaib ina kuka.

"Shi ke nan, sun raba mu..."

"Haba Boɗɗina, kyakkyawata, share hawayenki. In ya ce a sauke, da hannuna zan sauke."

"In ya ce ka bar ni fa?"

 Sai ya ce mu bari mu ga goben.

Washegari muka cika Keke Napep, ni da Baaba da Goggo da Yusrah, wadda ta ci kwalliya kamar mai zuwa biki.

Ƙawata Liyatu ce ta tare mu a ƙofa. 'Yar unguwar Shagari Low Cost ce, tare muka yi makaranta, ita ke zagawa da baƙi a gidan. A nan na fara haɗuwa da Suhaib ranar da na kawo mata ziyara.

Wurin cike yake. Ga 'yan firamare a layi, malaminsu na ta ihun kada a taɓa, su kuma suna taɓawa. Ga 'yan mata sun juya wa zanen kogin Binuwai baya suna ɗaukar kansu hoto, babu wadda ta waiga ta ga kogin. Wani dattijo ya cire takalmi a bakin ƙofa, an ce ya mayar ya ƙi.

Goggo da ta zo yaƙi, tana ganin jerin ƙoren da aka yi wa zane ta manta da mu. Ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa da yatsa.

"Mama, don Allah ba a taɓawa," in ji Liyatu.

"Ƙwarya ce ba a taɓawa? To ta yaya za a san mai kyau ce?"

Baaba bai tsaya ko'ina ba. Yusrah ta ja shi kai tsaye har ƙarshen zauren.

"Ga shi nan, Kawu. Ka gani da idonka."

Ga ni nan a bango da mayafina ruwan toka, ina kallon gaba ina murmushi. Suhaib yana tsaye daga gefe, ya haɗa hannuwa a baya, gumi na bin wuyansa.

Baaba ya tsaya. Ya gyara tabarau. Ya ci gaba da tsayuwa.

'Yan firamare suka zo suka wuce, yana nan. Goggo ta gama da ƙorenta ta dawo ta ce, "Hamajoɗa, ka ce su sauke mana mu tafi." Bai ko juyo ba. Yusrah ta gaji ta nemi benci.

Can ya juya ya nufi ƙofa, bai ce a sauke ba, bai ce a bari ba, bai amsa gaisuwar Suhaib ba.

"Kin ga irinta ko?" Yusrah ta raɗa mini a cikin keke. "Baƙin ciki ya hana shi magana."

Ni ma haka na ɗauka. Na daina cin abinci sosai, na daina ɗaga wayar Suhaib, don ban san me zan ce masa ba.

Ana cikin haka wata safiya Liyatu ta kira ni.

"Zulai, ki zo yanzu-yanzu. Babanki ya sake zuwa."

"Ya sake?"

"Kullum fa yana zuwa! Da mun buɗe sai ya shigo, ya zauna a bencin nan gaban hotonki, ba ya magana da kowa. Yau kuma ya ce a kira masa Suhaib."

Ban san yadda na isa Jimeta ba. Liyatu ta shigar da ni ta ƙofar baya, na laɓe bayan allon da aka jera ƙoren a kai.

Baaba na zaune a benci, sandarsa a tsakanin ƙafafunsa. Suhaib ya durƙusa a gefe.

"Wannan tabon na gira," in ji Baaba, "tana rarrafe ta faɗa kan dokin ƙofa. Ni na ɗauke ta, da yake babu kowa a tsakar gidan. Ban san har yanzu yana nan ba."

"Yana nan, Baaba."

"Haka take murmushi?"

"Haka take yi."

"Ban taɓa gani ba. A gabana kullum kanta a ƙasa yake." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Idon mahaifiyata ne da ita. Ta girma a gidana ban sani ba, sai da na zo gidan kallo."

Na toshe bakina da mayafi. Tausayinsa ya kama ni, da tausayin kaina.

"In ka ce a sauke, yanzu zan sauke," in ji Suhaib.

"Ka bar shi har ku gama nunin naku. Daga nan a kai mini ɗakina, ba na son samarin nan masu waya." Ya dafa sanda ya miƙe. "Ka ce wa manyanka su zo."

Suhaib ya shiga jera godiya.

Baaba ya matsa kusa da zanen. A ƙasansa akwai ɗan kati irin wanda ake manna wa kowane zane. Ya sunkuya ya kai yatsa kansa.

"Me kuka rubuta a nan?"

"Sunan zanen ne, Baaba."

Baaba ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ba ya bukatar kowa ya karanta masa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, bai ga kowa ba sai Suhaib. Sai ya karanta a hankali, kamar mai tsoron kada abin ya fashe.

"Zu-lai-ha-tu."

Kukan da nake riƙewa ya ƙwace mini. Na tabbata ya ji, don kafaɗarsa ta motsa. Amma bai juyo ba, ya gyara hularsa ya fita.

Bayan salla aka ɗaura mana aure. Goggo ce ta fi kowa rawar kai, har da ƙorenta ta ba ni. Yusrah ta ce kanta na ciwo, ba ta fito ba.

Ranar da za a kai ni Rumde na shiga yi wa Baaba sallama. Na durƙusa kaina a ƙasa kamar kullum, shi ma bai dube ni ba. Amma da na saci kallo, ba rediyo yake kallo ba. Zanen yana rataye a bangon da ke fuskantar kujerarsa, idonsa na kansa, hawaye na bin gemunsa.

"A gaya wa yarinyar nan," ya ce, alhali daga ni sai shi a ɗakin, "Allah ya yi mata albarka."