Sunan Da Bai Taɓa Faɗa Ba

"A mayar musu da kayansu gobe!"

Muryar Malam Tukur ce ta ratso daga zaure har tsakar gida. Tsintsiya ta suɓuce daga hannun Ummulkhairi. Saura kwana goma sha biyu a ɗaura aurenta da Sharhabil, sojan sama mai gyaran jirage a Mando, wanda aka tura aiki gabas tun wata uku da suka wuce.

Da aka kira ta, ta ja mayafi ta shiga, ta durƙusa kusa da allunan ɗaliban mahaifinta. Yaya Jamilu na zaune, ɗan baffanta mai shagon waya a Doka, wanda ya nemi aurenta bara bai samu ba. A gefe ga wata budurwa, idanunta sun kumbura.

"Wannan Asma'u ce," in ji Jamilu. "Gyaran waya ta kawo mini, na ga hoton angon naki a ciki. Faɗa mata, baiwar Allah."

"Wata biyar muna hira ta saƙon waya..." Asma'u ta share hawaye. "Ya yi mini alkawarin aure. Ya ce an kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, na sayar da ɗan kunnena na gwal na tura masa. Tun ranar ya rufe ni."

Jamilu ya miƙo wayar. Ga katin aikin Sharhabil. Ga lambarsa ta soja, ranar haihuwarsa, har da layin gidansu.

Ummulkhairi ta ƙura wa wayar ido.

"Sau uku na kira shi, ba ta shiga," Malam ya ce. "Ba zan ba da 'yata ga wanda ya ci amanar 'yar wani ba."

Ba ta taɓa tanka wa mahaifinta ba. Ko baƙo ya yi sallama, ɗaki take gudu. Amma yau ta tsinci bakinta yana cewa, "Baba... a bar ni in karanta."

Ta shiga bin saƙonnin da yatsa, a hankali.

*Hasken idona. Sanyin zuciyata.*

Kowace kalma kamar ana soka mata allura. Ta daure ta ci gaba, har ta iso wani layi, ta tsaya cak.

*Mahaifiyata Ummulkhairi tana gaishe ki.*

Ta ƙara ƙasa kaɗan.

*Ummulkhairi ba ta da lafiya, ki taimaka mini.*

Ta sake karantawa. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta.

"Baba, ba shi ba ne."

Jamilu ya yi dariya. "So hana ganin laifi! Ga kati, ga hoto, ki ce ba shi ba ne?"

Kunya ta rufe ta. Ta yaya za ta faɗi yadda saurayi ke kiranta, a gaban mahaifinta? Ta dubi tabarma. Ta tuna kayan da za a fitar gobe, maƙwabtansu na unguwar Kinkinau na leƙe ta katanga, shi kuma yana can daji bai san an yanke masa hukunci ba.

"Sunana ɗaya da Hajiyarsa," ta ce. "Shi ne ɗanta na fari. Shekara biyu, Baba, bai taɓa faɗin sunan nan ba. Bai taɓa rubuta shi ba. Mai Sunan Hajiya yake ce mini... Ko wajen buga katin biki, ƙanwarsa ya tura ta faɗa."



Malam ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ranar da ya fara zuwa gaishe ni, na tambaye shi wacce yake nema cikin 'ya'yana. Yaron nan ya yi ta gumi. Da ƙyar ya ce, mai sunan mahaifiyata."

"To a ina wani zai samu katinsa?" Jamilu ya ce, amma muryarsa ta yi ƙasa.

Ummulkhairi ta juya ga Asma'u. "'Yar'uwa, kin taɓa jin muryarsa?"

"A'a... cewa yake doka ta hana su kira daga daji."

"Ni kuwa duk ranar da ya samu sabis sai ya kira."

Asma'u ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka. Ummulkhairi ta matsa ta dafa ta. Tausayi ya kama ta: wata biyar yarinyar nan tana son mutumin da babu shi.

"A dakata da kayan," in ji Malam. "Kai kuma Jamilu, gobe in ka ɗauko magana, ka fara tauna ta."

Kwana huɗu ta yi tana jira. Idan fa ta yi kuskure? Idan mutum yana da fuska biyu fa?

Ranar Alhamis da hantsi Sharhabil ya dawo daga daji, ya yi sallama, ya rame, ya yi duhu. Ya zube gaban Malam ya yi bayani. Ɓarayin intanet ne suka kutsa kwamfutar wani kamfani da ke ajiye takardun neman gidaje na ma'aikata, suka kwashe bayanan mutane da yawa. Abokan aikinsa uku ma an yaudari mata da sunansu. An umarce su duka su canza lambobin sirri, su kuma gargaɗi iyalansu.

"Sunan Hajiya a takardar suka gani, gurbin magaji," ya ce. "Shi ma, Allah gafarta Malam, abokina na ba wa biro ya cike mini."

Malam ya yi murmushi, na farko a satin.

Washegari Sharhabil da ƙanwarsa suka raka Asma'u ta kai ƙara. Ɗan kunnen bai dawo ba. Amma ranar kamu ta zo, ta zauna kusa da amarya, ita ce ma ta gyara mata lulluɓi.

Da safiyar farko a ɗan gidansu na Mando, Sharhabil ya zaunar da Ummulkhairi yana koya mata. Kada ta ba kowa lambar da banki ya turo. Duk saƙon da ya zo da sunansa ana neman wani abu, ta kira lambar wayarsa da ta sani, ko ta kira Hajiya.

Ta dube shi. Ɓarayin sun ɗauki hotonsa, sun ɗauki lambarsa ta soja, sun san ranar da aka haife shi. Kunyarsa ce kawai ba a rubuce take ba.

"Masoyina..." ta ce, tana wasa da bakin mayafi. "Yanzu dai na zama matarka. Faɗi sunana sau ɗaya mana."

Ya sunkuyar da kai yana dariya, kamar ranar farko.

"Mai Sunan Hajiya, duk ranar da kika ji na faɗa, ki kashe wayar. Ba ni ba ne."