Sau Biyu a Bakin Ramin Badaru

Ranar wata Laraba, da la'asar sakaliya, Malam Hafizu ya tura mashin ɗinsa waje, waya a aljihu, haushi cike da ciki.

Malamin makaranta ne a Anka, amma abin da aka fi saninsa da shi rubutun labaran kisan kai. Babi-babi yake sakinsu a wani guruf na waya, mutum kusan ɗari tara ke bi. Labarin da ke hannunsa ya kai babi na ashirin da tara, saura ɗaya tak, inda za a tona mai kisan. Nan fa abu ya cije. Mako uku yana rubutawa yana gogewa, masu karatu kuma sun hana shi sakat. Wannan ya ce, "Malam, wai wa ya kashe shi?" Wancan ya ce, "In ba ka iyawa ka ba mu mu ƙarasa." Wani har cewa ya yi daga ji satar labarin aka yi. Kai, mutane! Ka hana idonka hutu dominsu, su biya ka da zagi.

Abin da ya fi ƙona masa rai, mai zagin ya kusa gaskiya. Shekara uku da suka wuce aka tsamo gawar wani mai haƙar zinari, Badaru, daga wani rami a hanyar Bukkuyum. Su biyu ke aikin ramin, shi da amininsa Shamsu. An tsare Shamsu kwana tara, ba a same shi da komai ba, aka sake shi. Wannan lamarin ne Hafizu ya ɗauka ya canza sunaye, amma ya bar wa mutumin cikin labarin ɗingishin Shamsu da wushiryarsa. Yanzu duk Anka an san wa ake nufi. Shamsu facin taya yake yi a bakin tasha, kuma tun da labarin ya yi nisa mutane sun gwammace su tura mashin su wuce shi.

Matarsa Rabi ta biyo shi har zaure.

"Malam, ka bar bawan Allah nan haka nan. Mi ya yi maka?"

"Labari ne fa, Rabi. Na kira sunan wani?"

"A takarda dai ba ka kira ba."

Ya yi tsaki ya buga mashin. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi masa zafi. Hanyar aikinsa kenan: in rubutu ya ƙi, sai ya je ainihin wurin, a ainihin lokacin da abin ya faru, ya kunna waya ya faɗi labarin da baki. Da sunayen gaskiya yake faɗa, wai sun fi jini a jika, sai wajen bugawa ya canza. Kowace jimla kuma sau uku yake nanata ta, don ya ji wadda ta fi zama a kunne.

Rana ta yi ja lokacin da ya bar kwalta ya bi burtali. Ya san hanyar nan ba a kai magariba a kanta, amma ya ce minti goma ya ishe shi.

Ramin na nan bayan wata gonar gero da aka riga aka girbe. Tulin jar ƙasa, wani icce gicciye a bakin, da ruɓaɓɓiyar igiya ɗaure a jikinsa tana reto ciki. 'Yan haƙa ba su kusantar ramin da aka bari sai da sallama, don sun ce da mutum ya fita aljanu masu wurin ke komawa gidansu. Hafizu ya san wannan sarai, har ya taɓa sa shi a wani littafi. Yau kansa na kan babi na talatin. Ya tsaya a bakin ramin ya danna waya.

"Shamsu ne ya yanke igiyar Badaru."

Ya yamutsa fuska. Jimlar ta yi lami. Ya gyara murya, ya ja ta a hankali.

"Shamsu ne ya yanke igiyar Badaru."

Gyare ya yi shiru. Duk dajin lokaci guda, kamar an rufe ƙofa.

Wani wari ya taso daga ramin. Jiƙaƙƙiyar ƙasa, da wani abu mai ƙarni a ƙarƙashinta. Sanyi ya bi ƙafar wandonsa.

"Mun ji biyu."

Daga ƙasa muryar ta fito. Muryar tsoho ce, ba tsawa, ba gaggawa.

"Saura ɗaya, malam."

Hafizu ya so ya ja baya. Ƙafafunsa suka ƙi.

"Wa... wa ke nan?"

"Masu gida. Ba ka yi muna sallama ba, amma mun yafe, tunda shaida ka kawo. Ranar nan ƙarar diga ta kore mu, mun dawo mun iske jini cikin ɗakinmu. Shekara uku muna jira wani ya zo ya faɗi mai shi. Ba wanda ya zo sai kai."

Iccen ya yi ƙara. Igiyar da ke reto ta miƙe, ta yi tauri. Wani abu mai nauyi ya kama ta daga ƙasa.

"Cika na uku. Kafin isha'i muna tasha, mu ɗauko shi."

Can nesa, daga wata ruga, ladan ya fara kiran magariba, iska ta kwashe sautin. Hafizu ya hango Shamsu a ransa, durƙushe kan taya, yana sauri ya gama ya yi alwala.

Kuma wallahi, abin kunya, wani sashe na zuciyarsa cewa ya yi: ga ƙarshen labarin nan da kake nema.

Iccen ya sake ƙara. Ƙasa na zuba ciki kaɗan-kaɗan.

Bakinsa ya buɗe da kansa. Shekara goma harshen nan bai taɓa tsayawa a biyu ba.

"Sham..."

Ya gantsara wa harshensa cizo. Gishirin jini ya cika masa baki.

"Ƙarya nike!" ya ce. "Ban gani ba. Ba ni nan. Ƙirƙira na yi."

Igiyar ta tsaya.

"Ƙirƙira."

"Labari nike rubutawa."

"Da sunan mai rai?"

Hannu ya dafa bakin ramin. Jar laka ce tun daga yatsu, yatsun kuma sun yi tsawo, gaɓoɓinsu sun yi yawa. Na biyu ya biyo.

"To sau biyun nan mun riƙe. Duk ranar da sunan ya sake fita bakinka, ya cika."

A'uziyya ta ƙwace daga ƙirjinsa, sai ƙafafun suka saku. Ya zura a guje cikin karan gero, ya faɗi, ya tashi, takalmi ɗaya ya tafi. Mashin ya ƙi tashi. Ya tura shi gangare ya haye, yana Ayatul Kursiyyu da harshe mai jini, warin nan na bin ƙeyarsa har kwalta.

Kwana huɗu ya yi da zazzaɓi. A na biyar Rabi ta kawo masa kunu da labarin da ke yawo a gari: an wayi gari da shatin hannu biyu na jar laka a ƙyauren Shamsu, an wanke sun dawo.

Da ya iya zama ya buɗe wayar. Muryarsa na nan sau biyu. Bayanta babu komai sai numfashi, ba nasa ba.

Ya shiga guruf ya rubuta cewa babu babi na talatin, bai san wanda ya kashe kowa ba, kuma ya zalunci wani bawan Allah. Ranar ya sha zagin da bai taɓa sha ba. Rabin mutanen suka fice, sauran har yau suna tambayar wa ya yi kisan.

Yana rubutu har yanzu, amma bakinsa a rufe, kuma shi kansa ya san labaran sun rage daɗi. Abin na cinsa ba kaɗan ba. A ajinsa akwai mai irin sunan, sai dai ya nuna shi da alli. Duk tayar da ta sace, tasha yake kai ta, ya zauna a benci inda kowa zai gan shi.

Rannan Shamsu ya ɗago daga kan taya ya dube shi.

"Malam, ka nemi gafara na yafe tun tuni. Amma mi ya sa ba ka kiran sunana? Har yanzu ƙyamata kake?"

Hafizu ya dubi hannayen mutumin.

"A'a, ɗan'uwa," ya ce. "Ɗaura tayar dai, magariba ta kusa."