Makullan Auta

Jikata Auta tana shekarar ƙarshe a jami'a. Yarinya ce da ba ta iya cewa a'a ba. 'Yan wasan kwaikwayo suka ba ta makullin ɗakin kayansu, ta karɓa. 'Yan muhawara suka ba ta nasu. 'Yan dashen itatuwa ma haka. In tana tafiya sai ka ji kacau-kacau, kamar akuya mai ƙararrawa.

Tana cikin aji, sai a leƙo ta taga, wai ta zo ta buɗe ɗaki. Ta tashi. Ta zauna karatu, a kira ta a waya. Ta tashi. Da jarrabawa ta zo, ta faɗi darasi biyu. In ta sake faɗuwa, 'yan ajinsu za su gama su bar ta.

Babanta ya ce ko ta bar ƙungiyoyin duka, ko ta tattara ta dawo gida. Auta ta kafe, ta ce ba ta barin ko ɗaya, kuma ba ta dawowa.

Na ce, "Kai da ita duk kun yi kuskure. Ba za ta dawo ba. Ke kuma Auta, ɗauko mini takalmina."

Muka tafi makarantar tare. Na zauna a benci a ƙofar ɗakunan nan. Auta ta miƙo mini makullan, wai in mayar mata. Na ƙi. Na ce ita ta karɓa, ita za ta mayar.

Shugaban 'yan wasa ya marairaice. Ya ce ai ita kaɗai suka yarda da ita.

Auta ta ce, "To ku yarda da wani. Karatu aka aiko ni, ba gadi ba."

Ta mayar da makullan duka. Amma ta ƙi fita daga ƙungiyar muhawara, ko da babanta ya yi ta faɗa. A can ta sami ƙawaye biyu da suka iya darussan nan. Kullum da yamma suna koya mata. Ni kuma duk safiya ina kira in ji ko ta shiga aji.

Auta ta gama tare da 'yan ajinsu. Ranar bikin, babanta ne ya riƙe mata jaka, baki har kunne.

Yara, ƙungiya tana da daɗi, tana da amfani. Amma ku ɗauki abin da za ku iya, sauran ku ce a'a. Karatu ne ya kai ku.