Shafi na Sha Huɗu

Ranar da ta fara ganinsa, ji ta yi kamar ta kwaɗa masa jakarta. Maƙalarta ta kai masa a ɗakin karatu na tsangayar shari'a, inda yake aiki, don ya duba mata tsarin manazarta kafin ta tura wa mujalla. Sai ga takardun sun dawo ja wur.

"Malam, gyara na ce, ba yanka ba!"

"Shari'u arba'in kika ambata, talatin babu lambar shafi," ya ce yana murmushi. "Amma hujjarki, wallahi na daɗe ban karanta irinta ba."

Daga ranar ta laƙaba masa Jan Biro, shi kuma ya koma kiranta Lauyata. Wata huɗu suna faɗa a kan waƙafi da shekarun shari'u, har faɗan ya rikiɗe ya zama so.

Matsalar tana shafi na sha huɗu. A nan ta yi kaca-kaca da wani tsohon hukunci da ya halatta korar ma'aikaci ba tare da an saurare shi ba. Alƙalin da ya rubuta shi kuwa Abbanta ne, kafin ya yi ritaya. Da Abba ya tsinci kwafin a falo, ya ga jan rubutu a gefe, sai ya ɗora laifin kan mai biron.

"Yaron da ya zuga 'yata ta tozarta ni a mujalla? Kada ya tako mini gida."

Ranar Alhamis, saura kwana ɗaya a rufe karɓar maƙalu, Jan Biro ya turo mata fayil na ƙarshe. Ya daidaita komai tsaf, ya cire sunanta don kada masu tantancewa su san mai rubutun. Ta gangara shafi na sha huɗu, ta tarar sukar Abba ta yi ɓatan dabo.

Ranta ya yi mummunan ɓaci. Ta rubuta masa:

"Shekara biyu na yi a kan shafin nan. Ka goge shi ko tambayata ba ka yi ba? Kai ma ka yanke hukunci ba ka saurare ni ba. Kada ka sake kirana."

Nan take amsa ta shigo:

"Lauyata, tsoron rasa ki ne ya ruɗe ni. Na yi babban kuskure. Na mayar da kowane harafi, ki tura yadda kika rubuta."

Wai tsoro! Ita da take kwana gida ɗaya da Abba ba ta ji tsoro ba, sai shi? Ta duba layi-layi, ta tura maƙalar, ta kife wayar.

Ranar Asabar da hantsi ta jiyo muryarsa a falo. Ta leƙa, ga shi zaune a ƙasa gaban Abba.

"Ranka ya daɗe, ban zuga ta ba, ba ta zuguwa. Laifina shi ne na goge sukar don in samu shiga wurinka. Na mayar da ita. Kuma gaskiya, hukuncin nan akwai kuskure."

Abba ya fizge tabaransa.

"Gogewa ka yi? Ni za ka ɓoye wa suka? Shekara talatin ana ɗaukaka ƙara a kan hukunce-hukuncena! Buɗe littafin shari'un nan, nuna mini kuskuren!"

Awa biyu ana tafka musu, Abba na dukan tebur. Ita da ta shigo kawo ruwa, ba ta san lokacin da ta ja kujera ba. Da muryoyi suka dushe, Abba ya rufe littafin.

"Ban yarda da ku ba. Amma ka turo magabatanka."

Ta raka Jan Biro bakin ƙofa, fuska a murtuke.

"Har yanzu fushi nake."

"Na sani, Lauyata. Ki ƙarasa shi a gidanmu."

Bayan wata uku aka ɗaura aure, a makon da mujallar ta amince za ta buga maƙalar. Da za a tafi da ita, Abba ya dafa kanta tana kuka.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ke kuma ki shirya. Jiya na tura wa mujallar raddi, shafi ashirin, kuma ban raga miki ba ko kaɗan."