Igiyar da Jibirin Ya Ɗaura

Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don sirrin gida ne. Zakiyya da kanta ta ce in rubuta, wai ko akwai wata mai zama irin nata.

"Tsaya nan! Kar ki ƙetare!"

Zakiyya ta tsaya cak da farantin gurasar kisra a hannu, igiyar shanya na gogar goshinta. Wata huɗu ke nan da mijinta Jibirin ya ɗaura igiyar, ta raba tsakar gidansu na unguwar Umbadda, kusa da Khartoum, biyu. Can wajensa gado ɗaya da buta. Nan wajenta ɗaki da madafa, da cikin wata bakwai.

"Kisra ce fa kawai, ya Jibirin..."

"Ajiye a ƙasa, zan ɗauka."

"A ƙasa? Kamar mai ba kyanwa?"

"Habibti, kin san mutum nawa na kai Khartoum yau? Kowa tari yake yi mini a ƙeya!"

Direban bas ne. Shi ya fara kwanciya da korona, sai ita tana da ƙaramin ciki, sai mahaifiyarsa Hajja Fatna. Su biyu suka tashi. Hajja ba ta tashi ba. Ranar da aka watse daga zaman makoki, ranar ya ɗaura igiyar.

Har maƙwabta ya roƙa su daina shigowa shan gahawa. Kullum da hantsi Zakiyya takan soya 'ya'yan gahawa ta daka, ta zuba kofi ɗaya, ta zauna tana jin dariyar mata ta bayan katanga. Ranar da ɗan ya fara motsi ta ƙwala wa Jibirin kira da murna. Ya zo da gudu, ya ja birki a bakin igiya, hannuwansa a baya.

"Masha Allah," ya ce. Shi ke nan.

Ranar Talata mahaifiyarta ta bugo waya daga unguwar Alshajara.

"Jibi zan zo in ɗauke ki. Haihuwar fari a gida ake yi. Kuma ki ji ni da kyau, in zaman igiya ne, ko kin yi arba'in ba inda za ki koma."

"Yumma, yana sona fa..."

"Daga nesa? Ni ma daga nan ina sonki."

Washegari ta je awo. A asibitin suna bibiyar masu cikin da suka warke daga korona, duk wata sai an ɗebi jininta. Dakta Hadil ta duba takarda ta ɗago.

"Garkuwar jikinki ba ta koma daidai yadda take a da ba, shi ya sa ba ma sakinki. Amma ga abin daɗi. Jikinki ya riga ya gane ciwon nan, ya tanadi masu yaƙarsa. Wasunsu ma suna bi ta mahaifa suna isa ga ɗan."

Zakiyya ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Dakta... miji zai iya zama kusa?"

"Wa ya hana shi?"

Da ƙyar ta ba ta labarin igiyar. Dakta Hadil ta cire tabarau.

"Ya yi allurar rigakafi, ya riƙa wanke hannu, in ya ji zazzaɓi ya ja baya. Amma igiya? Ya bitti, 'yata, ba mu rubuta miki igiya ba."

Da la'asar sakaliya Jibirin ya dawo. Ta tsaya ta wannan gefen, ta faɗa masa komai. Ya saurara yana kallon ƙasa.

"Likita ba ta ga Hajja tana neman numfashi ba," ya ce. "Ni na shigo da shi gidan nan, Zakiyya. Ni! In na sake..."

"Ciwon da ka shigo da shi jikina ya san shi, har yana koya wa ɗanka. Wanda ke cina yanzu daban ne, kuma ba shi da allura."

"Wanne?"

"Kofi ɗaya nake zubawa, ya Jibirin. Wata huɗu..."

Hawaye suka zubo masa. Ya ɗaga hannu har ya kusa taɓa igiyar, sai ya mayar.

"Gobe Yumma za ta zo," ta ce a hankali. "Ta rantse in ta tarar da wannan, na tafi ke nan."

Aka kira magariba. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Da gari ya waye, yana cikin banɗaki, Zakiyya ta je jikin ƙusa ta kama ƙullin. Rana ta ƙeƙasar da shi, ya ƙi kwancewa. Ta koma madafa ta ɗauko wuƙar yanka albasa.

Da ya fito, igiyar na kwance a ƙasa. Ita kuwa tana zaune a bakin gadonsa, kofi biyu na tururi a gabanta.

"Zakiyya..."

"Ka wanke hannu?"

"Na... na wanke."

Ta miƙa hannu ta kamo nasa da sauran danshinsa, ta ɗora a kan cikinta ta danne da nata biyun.