Gonar Baban Kulu a Cikin Gilashi

Ranar da Muhtari mai cajin waya ya fara ganin Kulu, hamma take zubawa. Ta kawo caji ne, gilashin VR na makarantarsu ta koyon aikin jinya, irin wanda in ka kwama a ido sai ka gan ka wata duniya.

"Malama nas, a hankali, kar ki haɗiye min shago."

"Ba ni samun barci ne," in ji ta.

Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a ƙasar Zurmi suka dawo Kaura, idonta bai ƙara rufuwa da daɗi ba. Ta faɗi jarrabawa, in ta sake faɗuwa kora ce. Shi ne malamai suka ba su gilashin, a kalli teku ana jan numfashi a hankali.

"To, yana aiki?"

"Ni da ban taɓa ganin teku ba? Sai in ga zai cinye ni."

Daga caji sai hira, daga hira sai so. Amma babanta, Malam Isah, ya ce atafau, ɗiyarsa ba ta auren mai wasa da igiyar waya.

Gogan naka bai yi shawara da kowa ba. Ya ari kyamara wurin abokinsa ɗan Poli, ya hau mashin, ya sai da rai har kufan su Kulu, ya ɗauko hoton gonarsu, ya loda a gilashin ranar da ta sake kawo caji. Ya tura mata saƙo:

"Kuluwata, na canza miki teku. Sa ki gani."

Ta sa. Ga gona, ga tsamiya, ga wani ɗan tudu a gindinta. Amsarta ta iso:

"Gaban kabarin Innata ka kafa kyamara. Nan muka rufe ta ranar gudu. Kar ka ƙara kirana."



Kukanta ne ya sa Malam Isah ya karɓi gilashin ya sa. Da ya ga kabarin, sai ya ɗaga hannu yana addu'a, hawaye na bin gemunsa. Kulu ta karɓa ta yi tata. Kafin la'asar barci ya kwashe ta kan tabarma, har da minshari.

Washegari sai ga tsohon a shago.

"Yaro, wa ya nome ciyawar wurin?"

"Ni ne, Baba. Don hoto ya fito. Wallahi ban san..."

"Tun da muka baro ta, babu wanda ya share mata sai kai. Turo magabatanka."

Kulu ta ci jarrabawa. Bayan kaka aka ɗaura aure, ba kiɗa, ba taro. Da za a kai amarya ta ce wa Muhtari, "Wata rana ka kai ni kabarin Inna da ƙafata."

"In Allah ya yarda, Kuluwata."

Allah ya jiƙan Inna, ya ba su zaman lafiya, ya mai da kowa gonarsa.