Ledar Jinin da Haske Ya Ratsa

Ana saukowa daga masallacin Juma'a Sista Zulfa ta buɗe firjin ɗakin gwaji ta ɗauko ledar jini. Tun ranar Laraba aka tanade ta domin Na'ima, wata mai sikila da ciwon ya kama wa ƙirji, tana kwance da bututun iska a hanci. Jininta irin mai wuyar samu ne, sai da aka gwada mutum goma sha tara kafin na wani kawunta ya dace.

Zulfa ta ɗaga ledar wajen taga don ta karanta takardar da ke manne. Sai ta ga hasken rana ya ratso ta cikinta, har tana hango inuwar yatsunta. Shekararta ashirin da biyu tana aikin jinya, ba ta taɓa ganin jinin da haske ya keta ba. Ta mayar da ledar, ta kulle ɗakin, ta kira 'yan sanda.

Kafin Sufeto Rabe ya iso ƙaramin asibitin da ke hanyar Magama, labari ya zaga. Mutane sun taru a bakin ƙofa shiru, ba mai ɗaga murya, kowa na kallon wani ɗaki da ke can ƙarshen baranda. Sun ce jini ya koma ruwa a cikin leda a rufe, kuma wannan ba aikin hannu ba ne. Sun ce tsohon da ke ɗakin nan an sha ganin jini a rigarsa.

Rabe ya fara da ledar. Ya juya ta, ya duba bakinta.

"Mene ne a ciki?"

Abdulfatah, mai kula da ɗakin gwaji, ya ce, "Ruwan da muke ƙara wa marasa lafiya ne, ranka ya daɗe, an zuba jini kaɗan don ya yi ja. Na gwada. Jinin mutum ne, amma ba na kawun Na'ima ba."

"Da an saka mata?"

Zulfa ta ce, "Da ba ta kai la'asar ba."

"Makullin firji fa?"

"Ɗaya na wurina," in ji Abdulfatah. "Ɗaya na cikin durowar nas-nas. Da sha biyu da rabi na duba ledar, lafiyarta lau, na tafi masallaci da maigadi da direba."

Rabe ya kira maigadin da direban ɗaya bayan ɗaya. Duk sun ce sahu ɗaya suka tsaya da shi, tare suka dawo. Ya sa Abdulfatah ya rubuta lambar ledar a wata takarda, ya ajiye ta kusa da wadda ke manne, ya daɗe yana kallo.

Mahaifiyar Na'ima ta ce Zulfa ba ta motsa daga bakin gadon ba tun sha biyu. Tana ta ɗaga yarinyar zaune, tana ba ta ruwa a cokali, tana ƙirga numfashinta. Ɗayar nas ɗin, Sista Sakinatu, ta ce ita tana ɗakin mata tana raba magani. Ta amsa kowace tambaya a natse, hannunta na hagu a ɓoye cikin farin hijabinta.

Sai Rabe ya nufi ƙarshen barandar. Zulfa ta miƙa masa takunkumi.

"Watansa biyu yana shan maganin tarin fuka, ba ya yaɗa wa kowa yanzu. Amma ka sa, don hankalinka ya kwanta."

Ɗakin ba komai sai gado da tukunyar iska mai huci a hankali. Malam Manu, wani tsohon makiyayi daga Daddara, yana jingine da filo uku, idanunsa sun zurma. Akwai busasshen jini a wuyan rigarsa.

"Baba, jinin nan fa?"

"Nawa ne, ɗana. Daga ƙirjina yake hitowa. Mi zan yi da na wani?"

"Ka iya tashi?"

Ya yi ƙoƙari. Taku huɗu ya yi tari ya turnuƙe shi, Zulfa ta tallabe shi ta mayar da bututun hancinsa. Daga nan zuwa ɗakin gwaji taku sittin ne. Rabe ya ja kujera ya zauna.

"Lokacin sallah ka ga wani abu ta tagar nan?"

Tsohon ya juya ya kalli tagar.

"Na ga farin abu ya wuce. Ba ƙarar takalmi. Ya shiga ɗakin can na baya, inda ake kwantar da waɗanda suka cika. Can kuma ya hito."

"Mutum ne?"

"Da hwarko na ce ba mutum ba ne. Duk wanda zai wuce tagata sai ya toshe hanci ya yi sauri, har ɗiyana na cikina. Wanga bai toshe ba, bai yi sauri ba. Sai na ce a raina, ai matattu ba su tsoron tari."

"Hannunsa da kaya?"

"Da ya shiga akwai. Da ya hito babu."

Ɗakin ajiye gawa yana bayan ginin, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Ba shi da kwaɗo, don ba mai kusantarsa. Rabe ya tura ƙofar. Sanyi ya taso daga siminti, da warin maganin wanke ƙasa. A kan benci akwai wani abu lulluɓe da farin ƙyalle, gajere kamar gawar jariri. Zulfa ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Ba mu rasa kowa ba satin nan," ta ce.

Rabe ya yaye ƙyallen. Kula ce irin ta allurar rigakafi. A ciki, tsakanin robobin ƙanƙara, an naɗe ledar jini da tawul. Zulfa ta ɗaga ta wajen ƙofa. Baƙi ƙirin, ba hasken da ya wuce. Ta taɓa ta da bayan hannu, ta duba bakin, ta ruga da ita wurin Abdulfatah ya sake gwadawa.

Da ƙarfe uku da rabi jini ya fara ɗiga a jijiyar Na'ima. Zulfa ta zauna minti goma sha biyar tana auna zafin jikinta, sannan ta bar ta a hannun likita ta shiga ofis. Rabe na zaune, Sakinatu na tsaye.

"Sista, a ina kika yi karatun jinya?" ya tambayi Sakinatu.

"A Maraɗi."

"Rubuta mani bakwai."

Ta rubuta, ta ja ɗan layi a tsakiyarsa. Ya tura mata takardar ledar bogi. Bakwai biyu ne a lambar, kowanne da layinsa.

"Abdulfatah ba ya yin haka, Zulfa ma ba ta yi. Rubutun makarantun ƙetare ne. Wannan ɗaya. Na biyu, wanda ya wuce tagar Malam Manu bai ji tsoronsa ba. Ma'aikacin asibitin nan ne kawai ya san ya daina yaɗa ciwon. Maza suna masallaci, Zulfa na bakin gado. Na uku, jinin da aka rina ruwan da shi daga jikin wani ya fito yau. Miƙo hannunki na hagu."

Ba ta yi gardama ba. Ta janye hijabin. A lanƙwasar hannun akwai auduga da filasta, gefen ya yi shuɗi.

Zulfa ta ce, "Sakinatu, kin san abin da ledar nan za ta yi wa yarinyar mutane."

"Ni ce zan saka mata da ƙarfe huɗu, Yaya. Da na ɗauko sai in ce jinin ya lalace, in zubar. Ban san za ki riga ni ba. Wallahi ba zan taɓa saka mata ba."

"Sai ta kwana ba jini," in ji Zulfa.

Sakinatu ta sunkuyar da kai.

"Ɗiyata Muhsina na Ɗan Isa, can Nijar, wurin inna. Shekararta shida, ita ma sikila ce, jininsu iri ɗaya da Na'ima. Tun Talata idonta ya yi fari fat. An rufe iyaka, motoci ba sa wucewa, in aka ɗora ta a babur ta daji ba za ta iso ba. Can an nema an rasa. Na yi da wani mai babur zai karɓi kular bayan la'asar."

"Me ya hana ki faɗa mani?"

"Leda ɗaya ce, Yaya. Da na faɗa miki, wa za ki ba?"

Rabe ya rufe littafinsa, ya ce dole ta bi shi ofis ta ba da bayani. Yana miƙewa wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Ta kalli sunan, ta kasa ɗauka.

"Inna ce. Tun safe layin ba ya shiga. Yaya, ki ce mata jinin ba zai zo ba. Ni ba zan iya ba."

Zulfa ta kara wayar a kunne, ta yi sallama, ta faɗi sunanta. Daga nan sai sauraro kawai take yi. Ta ce, "Ƙarfe nawa, Inna?" Ta yi salati a hankali, ta ajiye wayar.

"Tun da hantsi Muhsina ta cika," ta ce. "Sun yi ta kira ba su same ki ba. Har an kai ta."

Sakinatu ta kalli agogon bango, kamar tana lissafa wani abu. Ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar tebur, ta fara ɓare filastar hannunta a hankali. Rabe ya cire hularsa ya fita baranda, ya gaya wa direbansa ya kashe motar tukuna.